Malam Laminu, Uban da Na Raba da Jibo

Ranar Talata ce da hantsi, ina shagona na kayan gyaran mota a Zango, ina nuna wa wani mai takisi tsohon radiyata, sai waya ta yi ƙara. Da na ga sunan Jibo sai na ɗan dakata kafin in ɗauka, domin ni da shi ba mu saba kiran juna ba. Jibo shi ne almajirin mahaifina a aikin gyaran jiragen sama, Bazabarme ne, kuma shi ya gaje shi a matsayin shef, wato shugaban atiliye, wurin da ake gyaran jiragen, bayan Baba ya ajiye aiki. Ya ce, "Yaya Sanusi, kala suuru, sai haƙuri. Shef ya rasu yanzun nan. Muna asibiti." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan wata tsohuwar taya. Mai takisi ya ajiye radiyata a hankali ya kama kafaɗata. Tambayar da ta fara fita daga bakina ita ce, "Me ya kai ka wurinsa?" Jibo ya ce tun da safe Baba ya kira shi, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya zo ya kai shi likita. A cikin motar ne Baba ya yi kalmar shahada, kansa a kafaɗar Jibo. Daga Bobiyel inda gidanmu yake zuwa shagona, babur ba ya daɗewa a hanya. Amma ba ni ya kira ba.

Mahaifina, Malam Laminu, mutumin Maraɗi ne. Ya zo Yamai yana saurayi, ya yi karatun makanikancin jirgin sama, aka tura shi waje ya ƙaro ilimi, ya dawo ya ƙare ƙarfinsa a filin jirgi. A unguwa Malam ake ce masa, a wurin aiki kuwa Shef. Dogo ne siriri, mai ƙarancin magana, ba ya sauri ba ya nawa. Bai taɓa makara a sahun asuba ba sai in ba ya gari. In maƙwabci ya kawo masa ƙarar wani, sai ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, na ji naka. Bari in ji nasa." Da yawa daga cikin waɗanda suka zo gaisuwa sun ambaci wannan hali, kuma gaskiya suka faɗa.

Ni ne ɗansa na fari, shi kuwa mutum ne mai riƙe da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In zai kira ni sai ya ce "kai", in zai yi maganata da Inna sai ya ce "yaron nan". Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne. Sai dai a gidan nan namu, a kan tabarmar da muke cin tuwo, sunan Jibo ba ya yini bai fito ba. Jibo ya gano kaza, Jibo ya ci jarrabawar kaza, gobe Jibo zai tafi horo. Yadda Baba ke jan sunan, da ɗan murmushi a gefen baki, har yau yana kunnena. Masu karanta wannan su yi mini uzuri: na zo yabon ubana ne, amma ba zan iya yabonsa ba tare da Jibo ya shigo ba, kuma duk inda ya shigo sai na ji zafi.

Ni ma na so aikin. Da na gama lakwal ɗin koyon sana'a, Baba ya sama mini sitaj, wato zaman koyon aiki, a atiliyen kamfanin da yake yi wa aiki, wani ƙaramin kamfani mai jirage ƴan kaɗan. A can na fara ganin wani mutum da ban sani ba a gida. Yana tsaye gaban injin jirgi buɗe, yana magana ba gajiya, yana zana abu da yatsa a iska. Shi ya fahimtar da ni cewa a cikin injin akwai wasu faya-fayan ƙarfe masu juyawa da gudun da ido ba ya bi, cikin zafin da ba a misaltawa. Duk tashin jirgi da saukarsa, ƙarfen ya yi zafi ya miƙe, ya huce ya koma. Wannan shi ne sawu ɗaya. Waɗanda suka ƙera injin sun ƙayyade wa kowane faifai adadin sawun da zai yi, hukuma kuma ta mai da wannan adadi doka. In ya cika, sai a cire shi, ko da yana walƙiya kamar yau aka fito da shi daga kwali. Ya ce gajiyar ƙarfe daga ciki take farawa, inda ido ba ya kaiwa, kuma ranar da faifai ya tarwatse a sama, babu murfin injin da zai tare shi.

Wata rana aka dawo da wani faifai da ya cika wa'adinsa, daga inda aka kai injin gyara a ƙasar waje. Baba ya sa aka ɗora shi a kan tebur, ya ɗaura ƙyallen fuska, ya ɗauko injin yankan ƙarfe. Na dubi abin nan, sumul, babu tsatsa, babu ko ƙwarzane. Na ce, "Baba, wannan ai sabo ne. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, "A aikinmu ido bai san kima ba." Sai ya kunna injin ya tsaga faifan tun daga baki har tsakiya, tartsatsi na tashi. Da ya gama ya ce in an bar shi lafiya, wata rana wani marar tsoron Allah zai yi masa sababbin takardu ya sayar, a ɗaura shi a jirgin wasu bayin Allah a wata ƙasa. "Ajalin mutum a ɓoye yake," in ji shi. "Na ƙarfen nan an rubuta mana shi. In muka wuce, kada mu ce ƙaddara ce."

Ban gama sitaj ɗin ba ya zaunar da ni a zaure bayan la'asar. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kai, kana da hannu, na gani. Amma kana tausayin kaya. Mai tausayin kaya ya yi aikin mota, inda in abu ya lalace za a gangara gefe a tsaya. A sama babu gefen hanya." Shi ya nema mini shagon da nake ciki yau, shi ya haɗa ni da manyan ƴan kasuwar Zango, kuma alhamdu lillahi sana'ar ta rufa mini asiri. Ba na musun cewa ya karanta ni daidai, don har gobe in na ga tsohon kaya mai sauran amfani raina ba ya bari in jefar. Amma a cikin watannin nan ne Jibo ya zo atiliye, ya tsaya daidai inda nake tsayawa, a hannun daman Baba, yana miƙa masa kilen kwance noti. Bai bar wurin ba sai da mutuwa ta raba.

Jibo bai taɓa yi mini laifi ba, wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai. In ya zo gida sai ya durƙusa ya gaida Inna, ya kawo mata kayan miya daga kasuwar Peti Marshe, ya ce mini Yaya. Ni kuwa a zuci sai in ce, yaushe uwata ta haife ka? Su shige ɗakin Baba su biyu, in jiyo muryoyinsu da Faransanci, can sai dariya ta tashi. Baba yana dariya da ƙarfi! Ni in na shiga gaishe shi, tambayarsa ba ta wuce iyali da kasuwa, sai albarka, sai shiru, har in ga ya kamata in tashi.

Ranar jana'iza na yi masa wanka, Jibo na zuba ruwa. A maƙabarta, da aka zo sa shi a makwancinsa, liman ya ce, "Ɗansa ya shiga." Na taka gaba, sai na ga Jibo ma ya taka. Bai yi da gangan ba, ƙafarsa ce ta riga tunaninsa. Da ya farga sai ya ja da baya, kansa a ƙasa. Kawu, ƙanen Inna, ya ce, "Ku shiga ku biyu." Muka shiga. Na riƙe kai, ya riƙe ƙafa. Ko a wannan wuri, da ƙasa a hannuna da hawaye a fuskata, sai da raina ya ce mini, nan ma sai an raba da kai.

A zaman makoki ne na ji labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani tsohon matuƙin jirgi, mutumin Tawa, da suke kira Kwamanda Abdu, ya zo da sandarsa ya zauna kusa da ni a rumfa. Ya yi addu'a, sannan ya ce, "Ɗana, ka san ranar da ubanka ya zaunar da jirgi a ƙasa?" Na ce ban sani ba. Ya dube ni da mamaki, ya dubi Jibo da ke can gefe yana zuba wa baƙi ruwa, sai ya fara.

Ya ce a lokacin kamfanin yana cikin matsi, jirgi ɗaya ne kawai ke tashi, kuma an samu kwangilar jigilar ma'aikata zuwa arewa, wadda kowa ya ɗora ransa a kai. Jirgin ya dawo daga Agadas, Baba ya duba lissafin sawu, ya ga ɗaya daga cikin faya-fayan injin dama ya kai iyakarsa. Tun da daɗewa ya sanar cewa ranar na zuwa, an kuma yi odar wani injin, amma ya maƙale a hanya. Mai kamfanin, wani Alhaji ɗan garinsu da suka san juna tun ƙuruciya, ya zo atiliye da kansa. Kwamanda ya ce yana tsaye a wurin, da kunnensa ya ji.

Alhajin ya ce, "Laminu, zuwa ɗaya da dawowa kawai nake roƙo. Kafin nan injin ya iso."

Baba ya ce, "Alhaji, ko tashi ɗaya babu."

"Haba Laminu. Ni da kai mun san Turawan nan sun bar rara mai yawa a lissafinsu. Ƙarfe ba agogo ba ne da zai ce yau ne."

"Rarar ba tamu ba ce, Alhaji. An bar ta ne saboda abin da ba mu sani ba."

"To in kwangilar nan ta kuɓuce, mutanen da ke ci a ƙarƙashina fa? Kai za ka ciyar da su?"

Kwamanda ya ce maganar ta taɓa Baba ƙwarai. Sannan ya ce, "Ba ni da amsar wannan. Amma hannuna ba zai hau takardar ba."

Jirgi ba ya tashi sai mai lasisi ya sa hannu cewa lafiyarsa lau, kuma a atiliyen nan mutum biyu ne ke da wannan izini: Baba da Jibo. Alhajin ya juya wajen Jibo, a gaban kowa, ya ce in ya sa hannu, daga ranar shi ne shef. Jibo a lokacin sabon aure gare shi, matarsa da tsohon ciki, yana zaune gidan haya. Kwamanda ya ce Jibo ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya koya mini sa hannu bai sa ba."

Jirgin ya zauna, kwangilar ta tafi wurin wasu, an sallami ma'aikata da dama, kuma wasunsu har suka bar duniya ba su ƙara gaida Baba ba. Alhajin ya cire shi daga shef ya mai da shi ɗakin ajiyar kaya, ya hana Jibo ƙarin girma, ya ɗauko wani daga waje ya ɗora a kansu. Sai da aka yi kusan shekara kafin hankali ya dawo aka mai da Baba kujerarsa. Kwamanda ya ce shi da kansa ya taɓa tambayarsa, "Shef, tsakani da Allah, da mun tashi, faifan nan zai fashe?" Baba ya ce, "Mai yiwuwa da ya kai ku ya dawo da ku lafiya. Ban sani ba. Ba kuma da ranka zan nemi sani ba."

Ina jin wannan labari, sai na tuna shekarar. Ita ce shekarar da Baba ya riƙa dawowa gida da wuri, ya shuka zogale a bayan ɗaki, yana ba shi ruwa da buta. Na zo na same shi a tsugune na ce, "Baba, gara haka, ka riƙa hutawa." Ya ce, "Haka ne." Abin da ya gaya mini ke nan. Da baƙi suka ragu na shiga wurin Inna na tambaye ta ko ta sani. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Na sani mana. Shi ya ce kada a ɗaga muku hankali. Jibo ma nan ya zo ya yi ta kuka a zaure, mahaifinku na ba shi haƙuri."

Na yi alfahari da ubana a ranar fiye da kowace rana. Ina so duk wanda ya taɓa hawa jirgin da ya duba ya san irin mutumin da ya tsaya a bayansa. Amma tare da alfaharin akwai wani abu mai ɗaci. Rana ɗaya tak aka nemi wanda zai tsaya wa Malam Laminu, a gaban mutane, ya yi asara dominsa. Allah ya ba Jibo wannan rana. Ni ina Zango ina gardamar tsofaffin kaya, ban ma san ana yi ba. Ba na cewa da ni ne da na yi abin da ya yi. Wataƙila da na dubi faifan na ji tausayinsa. Sai dai ko damar a gwada ni ban samu ba.

Bayan addu'ar bakwai, da aka kwashe rumfa, Jibo ya zo da yamma ya same ni zaune a ƙofar gida. Ya zauna a ƙarshen benci. Sai na ji bakina ya tambaye shi abin da na yi shekaru ina riƙewa.

"Jibo, a wurin aiki yana maganata?"

Na ga yana neman abin da zai faranta mini, na kuma ga ya kasa, don wanda ya tarbiyyantar da shi bai koya masa shaidar abin da bai gani ba. Ya ce, "Yaya, gaskiya ba ya kawo maganar gida a atiliye. Ko sau ɗaya ban ji ba."

Na ce, "To."

Can sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni ma akwai abin da nake so in tambaya. In na zo gidan nan, maganar inji muke yi har in tafi. Ban taɓa ganin Shef babu maganar aiki a bakinsa ba. Yaya yake in ku kaɗai ne?"

Na dube shi, na ga da gaske yake, yunwar abin yake ji. Sai na gaya masa cewa lokacin gasar kokowa Baba ba ya zama lafiya: yana manne da rediyo, in ɗan Maraɗi ya kada abokin karonsa sai ya yi tsalle daga tabarma, hula ta faɗi, Inna na cewa, "Malam, girma fa!" Na gaya masa cewa mutumin da ya tsaga ƙarfe ba ƙyaftawa bai iya yanka ragon layya da hannunsa ba, sai ya kira maƙwabci, shi ya juya baya yana karanta addu'a. Jibo ya yi dariya har ya share ido da hannun riga. Ya ce, "Sai me kuma?"

Na ce, "Shi ke nan abin da na tuna."

Ba shi ke nan ba ne. Akwai sauran da yawa, akwai ma wata rana guda tun ina ƙarami da ba wanda ya san da ita sai ni da Baba. Ban ba shi ba, ba kuma zan rubuta a nan ba, don na san zai karanta.

Ya Allah, ga bawanka Laminu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Rayukan da ya tsare da izininka, waɗanda suka san shi da waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba, ka sa su zama nauyi a mizaninsa. Waɗanda tsayuwarsa ta taɓa abincinsu, ka sanyaya zukatansu su yafe masa. Ka ba Inna haƙuri da lafiya, ka rufa wa ƙannena da jikokinsa asiri, ka haɗa kanmu a bayansa. Jibo kuma, wanda ya rasa uba kamar yadda na rasa, ka dafa masa, ka tsare hannunsa a kan aikin da aka bar masa. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ka tara mu da Baba a Aljannar Firdausi. Amin.